Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya na Kamaru kan gigin tsufa a Arewa Mai Nisa

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku.

Ni malamar firamare ce a Marwa, Bahaushiya, jikar fataken da suka sauke kaya a wannan gari tun kafin a haifi iyayenmu. Na san da Faransanci da Ingilishi ake rubuta takardun ofishinku, kuma ina jin Faransancin, da shi nake koyarwa. Na zaɓi Hausa ne domin a iya karanta wa tsofaffin da nake magana a kansu, da matan da ke jinyarsu a cikin gida, su ji abin da aka faɗa da yawunsu, in na yi kuskure su gyara mini. Mai fassara ba zai yi muku wuya ba.

Mahaifina baduku ne. Ya haura shekara arba'in yana ɗinkin fata, takalma da zabira da kube, har baƙin da ke zuwa kasuwar masu aikin hannu sun san hannunsa. Da gafaka abin ya fara. Wani malami ya ba shi aikin gafakar Alƙur'ani, aikin da a da yake gamawa cikin kwana biyu yana hira yana cin goro. Ya yanka fata ya jera ta, sai ya zauna da basilla a hannu yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Ya ɗinke murfin a gindi, ya warware, ya sake ɗinkewa a wurin. Da na kai masa abincin rana a kwana na tara, ya ce mini fatar ce ba ta jimu ba, majeman yanzu ba su san aiki ba. Muka yarda, don ba mu taɓa jin ya yi ƙarya a kan sana'arsa ba. Bayan 'yan watanni ya fara yin la'asar sau biyu. Ya ce jikokinsa sun sace masa kuɗi, muka same su ƙarƙashin buzunsa. Ran nan bayan magariba yaran unguwa suka tsince shi a tsakiyar yashin Mayo Kaliyawo, takalmansa a hannu, yana cewa zai je ya gai da innarsa, wadda ta rasu tun ina goye.

Mutanen unguwa suka ce gigin tsufa ne, sai haƙuri, kowa ya daɗe zai ga haka. Wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a. Aka yi rubutu aka sha, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yin ta. Abin da ke cina shi ne sai da muka shekara biyu a haka kafin wani ya ɗaura masa abin awo a dantse. Tansiyonsa, wato awon ƙarfin jininsa, ta kai sha tara, ta hau ƙwarai. Ma'aikacin jinyar ya tambaye mu tun yaushe yake da hawan jini, muka kalli juna, domin a iya saninmu ranar ce aka fara auna shi tun da aka haife shi.

Daga baya wani likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani, Allah ya saka masa. Ya ce jini mai ƙarfi yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, wannan ta toshe yau, waccan ta toshe baɗi, kowace ta tafi da ɗan yankin da take shayarwa, mutum bai faɗi ba, bai shanye ba, yana dai raguwa. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Ciwon ƙeya da ya yi ta fama da shi shekara da shekaru yana sayen ƙwaya a hannun masu talla. Wata safiya da bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na dama ya yi nauyi har azahar, sannan ya sake, aka ce iska ce ta buge shi. Duk wannan tun yana da ƙarfinsa, tun yana hawa keke zuwa kasuwa. Mai girma Minista, gigin da muka gani yana da shekara 74 ya fara ne tun yana ɗan hamsin da wani abu, kuma a duk waɗannan shekaru bai yi nisan tafiyar rabin sa'a da asibiti ba.

Tun daga nan na shiga karanta duk abin da na samu kan wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Mafi yawa, kashi 60 zuwa 70, cutar Alzaima ce, wadda wani likita Bajamushe ya fara bayyanawa a 1906. Irin na mahaifina, wanda ke zuwa ta lalacewar jijiyoyin jini, shi ne ke biye mata. Ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzaima ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa a Afirka kudu da Sahara akwai masu ciwon miliyan 2.13 a 2015, kuma za su kai miliyan 7.62 a 2050. Waɗanda za su cika wannan lissafi na 2050 su ne mu, masu arba'in da hamsin na yau.

Abin da ya hana ni barci shi ne rahoton kwamitin masana na mujallar Lancet na 2024. Sun lissafa abubuwa 14 da suka ce, da za a kawar da su, kusan kashi 45 cikin ɗari na masu wannan ciwo da ba su kamu ba, ko da ya jinkirta musu. Ba su ce kowa zai tsira ba, ni ma ban ce ba. Akwai wanda zai kiyaye komai ciwon ya same shi, akwai rabon gado, akwai yawan shekaru. Amma da na karanta jerin sai na ga kamar unguwarmu suka zauna suka rubuta. Hawan jini da ciwon suga da kitsen jini, ga mu da gishiri da magi a kowace tukunya, shayi kuwa sai cokali ya tsaya. Bugun kai, ga 'yan kalando, masu haya da babur, suna ɗaukar mutum uku ba hular kwano ko ɗaya. Gurɓatacciyar iska, ga iyayenmu mata sun shekara hamsin suna hura itace a madafin da ba taga. Taba da giya da ƙiba da rashin motsa jiki, kowa ya san nasa. Rashin karatu tun yarinta ma yana ciki, kuma wannan ni nake ganinsa da idona duk shekara, yadda 'yan mata ke raguwa a aji kafin su kai ajin ƙarshe, musamman a wannan yanki namu da ke baya a karatun 'ya mace. Masana sun ce ƙwaƙwalwar da ta sha aiki tun da wuri tana da ajiyar da take ci idan tsufa ya zo.

Zan daɗe a kan kunne da ido da kaɗaici, domin su ne muka fi rainawa, alhali a lissafin masanan nan raunin ji yana cikin mafi nauyi. Mahaifina yana da majalisa ƙarƙashin wani dogon yaro a ƙofar gida, dattijai shida ko bakwai, daga la'asar zuwa magariba. Da kunnensa ya fara nauyi sai ya riƙa cewa "na'am?" sau biyu sau uku, wani lokaci ya ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba a yi dariya. Mutum ne mai kunya. Ya fara zuwa a makare, daga baya ya ce ƙafa ke damunsa, ya koma zaure shi kaɗai. Yanar ido ta zo ta raba shi da ƙaramin Alƙur'aninsa. Cikin shekara guda mutumin da yake wuni cikin magana da lissafi da karatu ya koma mai kallon bango. Mu kuma muna ganin mun kyauta, tuwo yana zuwa a kan lokaci, wanki yana fita. Babu wanda ya leƙa kunnen nan da fitila ya ga ko datti ne ya toshe shi. Babu wanda ya ce mana aikin yanar ido ɗan gajere ne, mutum ya kwana ɗaya ya koma gida yana gani. Mu da ke cikin yankin sanƙarau mun san mutane da yawa da ciwon ya bari da kurumta tun suna yara. Su ma suna tsufa yanzu.

Kaɗaicin tsofaffi ya ƙaru a ƙasar nan, duk da muna son mu ce mu ba ma yar da iyayenmu. Samari sun tafi Yawunde da Duwala da Njamena neman abinci. Tun 2014 rikicin Boko Haram ya tayar da garuruwan Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logon da Shari. Wanda ya san Amcide da Kolofata da Fotokol a da ya san abin da nake nufi. Sansanin Minawawo yana nan tun 2013 da 'yan gudun hijirar Najeriya. Faɗan ƙabilanci na Disamban 2021 ya kora dubban mutane daga wajen Kusuri zuwa Cadi, ambaliyar 2024 ta ci gidaje a Yagwa da kewaye. Yaro idan aka canza masa gari yakan saba. Tsohon da hankalinsa ya fara rauni kuwa da sanin wuri yake rayuwa: ya san inda randa take, ya san taku nawa ne zuwa masallaci, ya san muryar maƙwabci. Ranar da aka ɗauke shi daga nan aka ajiye a ɗakin haya a bayan gari, abin da ya rage masa na riƙo ya tafi. Ga baƙin cikin abin da ya gani, wanda ba ya faɗa wa kowa; ciwon damuwa ma yana cikin abubuwa 14 ɗin nan.

Akwai wata tsohuwa da 'yarta ta kawo ta unguwarmu daga wani ƙauyen bakin iyaka bayan an kashe mata ɗa. Ba ta jin Fulatanci sosai, Hausarta kaɗan ce. Wata asuba, wajen ƙarfe huɗu, aka same ta a tsakar gidan wasu mutane, ba ɗankwali, tana laluben ƙofar ɗakin da jariri ke kwance ba lafiya. Kafin a kira salla an tara mata jama'a. Ana ce mata ke mayya ce, tana cewa e. Ana ce mata ke kika kama kurwar yaron nan, tana cewa e. Da an ce mata ke ce lamidon gari, da e za ta ce. Na ga wani saurayi da ƙaton dutse a hannu. Allah ya kawo limamin unguwa, ya cire rawaninsa ya rufe mata kai, ya riƙe hannunta har ƙofar 'yarta. Ɗakinta na can ƙauye take nema, wanda ƙofarsa ke duban gabas kamar wannan.

Na kawo wannan ne saboda sashe na 251 na dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar sefa 5,000 zuwa 100,000 ga wanda aka kama da aikin maita ko sihiri da ke cutar da wani ko ta da hankalin jama'a. Da an kai tsohuwar nan jandarmeri, ga shaidu, ga amsa laifi da bakinta. Na san wannan doka ba a hannunku take ba, amma kuna zama teburi ɗaya da Ministan Shari'a. Ina roƙon ku nema a kafa ƙa'ida cewa duk tsohon da aka kai gaban hukuma da zargin maita, sai likita ya duba hankalinsa kafin a rubuta maganarsa. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi, wadda aka amince da ita a 2016, ta ambaci zargin maita da sunansa cikin al'adun da ya wajaba a kare tsofaffi daga gare su, musamman mata. Sarakunanmu na gargajiya, lamibe da lawanai da jaurawa, waɗanda ƙarar take fara isa gare su, su ma suna buƙatar wani ma'aikacin lafiya ya zauna da su ya nuna musu alamomin wannan ciwo.

Sai maganar gwaji, wadda ta ba ni haushi ƙwarai. A wata cibiya da muka kai Baba, wani matashi mai kirki ya ɗauko takardar tambayoyi da Faransanci, ni ina fassarawa. Yau nawa ga wata? Baba ya ce goma sha biyu ga watan Rajab, kuma daidai ne, aka ba shi sifiri. A cire bakwai daga ɗari, a sake cire bakwai. Mutumin da duk rayuwarsa da dala da jaka yake lissafi, wanda in ka ce masa sefa ɗari sai ya mayar da ita dala ashirin kafin ya gane. A rubuta jimla ɗaya. Ya karɓi biro ya fara daga dama da ajami, aka ce a'a. Aka rubuta a katinsa na asibiti cewa bai yi karatu ba, mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan sha biyar kuma yake rubuta bashin abokan cinikinsa a littafi. Da na koma gida na yi wa wani kawuna, mai cikakken hankali, wanda har yau yake raba gado a danginmu, waɗannan tambayoyi. Shi ma bai tsallake ba. Gwajin da ke kayar da mai lafiya da marar lafiya gaba ɗaya ba zai nuna wa ma'aikaci wanda ke buƙatar taimako ba.

Wannan takarda ta 1975 ce, an yi ta a Amurka don mutanen da suka yi boko. Akwai waɗanda aka yi don irinmu. A Ibadan an yi aiki da gwajin da ke haɗawa da tambayar wani na kusa da tsohon yadda yake gudanar da al'amuransa na yau da kullum. A gundumar Hai ta Tanzaniya an tsara gwajin IDEA, wanda ake tambayar mutum sunan shugaban ƙauyensu, ya lissafa sunayen dabbobi, ya maimaita kalmomin da aka faɗa masa, ya jera tsinken ashana yadda aka nuna masa, ba biro ba takarda. A nan maƙwabtanmu, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kwango, an yi binciken EPIDEMCA kan tsofaffin birni da ƙauye. Yanzu muna da tsangayar koyon likitanci a Garwa. Me zai hana a ba malamanta da ɗalibanta aikin mayar da irin wannan gwaji zuwa Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Kanuri da Mafa da Tupuri, a gwada shi a kan tsofaffinmu, a buga a raba wa cibiyoyin lafiya? Da shi ne kuma za a iya ƙirga su, domin ma'aikata ba ta ware kuɗi ga mutanen da ba ta ƙirga ba.

Mai girma Minista, ban zo don in ce ba ku yi komai ba. Na ga amfanin takardar cek sante ta sefa 6,000, wato katin kula da lafiyar mata masu ciki, a jikin ƙannena. A watan Afrilun 2023 kun ƙaddamar da matakin farko na shirin kula da lafiyar kowa da kowa, yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna ganin likita kyauta, mai wankin ƙoda yana biyan sefa 15,000 a shekara maimakon abin da a da yake cinye gida da gona. A Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin allurar yara ta yau da kullum. Wanda ya yi waɗannan zai iya abin da nake roƙo. Amma ku duba wannan: hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Gwamnati ta ɗauki nauyin injin wankin ƙoda mai tsada, ƙwayar da za ta hana mutum kaiwa ga injin kuwa, wadda ita ce kuma ke kare masa ƙwaƙwalwa, daga aljihunsa yake saye. Baduku da manomin masakwa da mai tuyar ƙosai ba su da fansho. Watan da ciniki ya yi kyau su sha magani, watan da bai yi ba su ajiye, su ce ai jiki ya yi sauƙi. Ina roƙon a sa awon jini da awon suga da magungunansu na asali cikin mataki na gaba na shirin, ga duk wanda ya kai shekara arba'in.

Hanyar kai wannan ga mutane ma kuna da ita. Tun 2016, duk damina, ma'aikatan lafiya na unguwa suna bi gida gida a Arewa da Arewa Mai Nisa suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓi, wata bayan wata. Sun shiga gidanmu ban san adadi ba. Kowane zuwa sai sun wuce Baba a zaure, su durƙusa su gaishe shi, su shiga ciki wurin jikokinsa. Da akwai abin awon jini mai batir a jakar ɗayansu, minti uku ya isa. A koya musu su yi wa tsohon gida magana a hankali daga bayansa su ga ko ya ji, su nuna masa yatsu daga nesa su ga ko ya gani, su tambayi matar gida ko ya fara ɓata hanya ko maimaita tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta rubuta wannan a tsarinta na ICOPE don kula da tsofaffi, kuma tsarin mhGAP, wanda aka yi don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, yana da babi guda a kan wannan ciwo. Da muka nemi ƙwararre, shawarar da aka ba mu ita ce mu yi kudu: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, da tsohon da ba ya gane ɗakinsa. Ba mu je ba, kuma ban san gida ɗaya a layinmu da zai iya ba.

Akwai wani abu da nake so kowane ma'aikacin jinya a yankin nan ya riƙe, saboda mun kusa rasa wata goggona a kansa. Ba duk rikicewar tsoho ce gigin tsufa ba. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni. Tsohuwar da jiya take lafiya yau ta kasa gane 'ya'yanta, wani ciwo ne a jikinta: zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi, ko ƙishirwa. Ku kun san Marwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, tsofaffi kuma ba sa jin ƙishi kamar yara. Goggona ta kwana biyu tana surutai aka ce tsufa ne ya zo mata gaba ɗaya. Ƙarin ruwa leda biyu da maganin ciwon fitsari suka dawo da ita, yau ita ke yi mana kitso. Ƙarancin sinadarin B12, da raunin aikin ƙullin wuya wanda ke kawo maƙoƙo, da jinin da ke taruwa cikin kai bayan faɗuwa, da ƙwayoyin barci na bakin titi da ake ɗura wa tsoho don ya bar mutane su huta, duk suna kama da gigi kuma duk ana iya gyara su. Kalmar "tsufa ne" idan ta fito daga bakin mai farar riga, iyali ba sa sake dawowa.

Masu jinya kuma fa? A gidanmu mahaifiyata ce, mai shekara 66 da nata ciwon gwiwa, sai matar yayana, sai ni idan na taso daga makaranta. Matar yayana ta ajiye sana'ar ɗinkinta. Ita ke wanke shimfiɗa da asuba kafin yara su tashi don kada su ga abin da zai rage musu girman kakansu. Ita yake zagi ranar da bai gane ta ba, ita yake kira da sunan innarsa ranar da ya natsu. Ba wanda ya koya mana komai. Da kanmu muka gano cewa gardama da shi ba ta da amfani, in ya ce zai je wurin innarsa sai mu ce to, bari a sha kunu tukuna. Cewa fitila a hanyar bayi tana rage fitar dare. Cewa in aka ba shi guntun fata da basilla marar kaifi yakan yi sa'a guda cikin natsuwa. Mun ɗinka masa lambar waya a cikin wuyan riga. Waɗannan abubuwa za su shiga shirin rediyo na minti goma sha biyar da Fulatanci da Hausa, za su shiga zaman wata wata a cibiyar lafiya inda mata masu irin wannan jinya za su haɗu su ji ba su kaɗai ba ne. Na san gidaje biyu da ake kulle tsoho a ɗaki da kwaɗo idan za a fita gona, kuma ban iya zarginsu ba, domin na san gajiyar da ta kai su nan.

Limamai da fastoci za su taimake ku in kun neme su. Mu Musulmi muna da ayar da ke cikin suratun Nahli da ke maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, muna da ayar suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "tir" idan tsufa ya kama su a wurinmu. Malamai sun san wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Amma mahaifiyata ta yi wata guda tana kuka a ɓoye saboda Baba ya sha ruwa da rana a watan azumi, sai da liman ya zo har gida ya ce mata babu komai a kansa. Huɗuba ɗaya a shekara, a ce ranar Juma'ar da ta fi kusa da 21 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa wannan ciwo, ko 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi, da ma'aikacin lafiya zaune a ƙofar masallaci da abin awo bayan an sallame, za ta kai inda takardun bango na Faransanci ba sa kaiwa.

Baba ba zai dawo yadda yake ba, likita ya faɗa mana gaskiya kuma mun karɓa. Yana shan maganinsa don kada abin ya ƙara gudu. Gafakar nan tana rataye a zaure, murfinta a gindi, mahaifiyata ta hana a gyara.

Yana da ƙane, baffana, shekararsa 59, shi ma baduku, shi ya gaji rumfar. Watannin baya na ji yana cewa ƙeyarsa na sara masa da safe. Na tara kuɗi na sayi abin awo, na same shi a bakin aiki na ɗaura masa: sha bakwai. Na kai shi aka rubuta masa magani, ya sha na wata biyu. Makon jiya na tambaye shi, ya ce baƙi ba sa zuwa kasuwa kamar da tun da aka fara rikici, kuɗin makarantar yara ya zo, zai koma sha in an sayar da takalman salla. Kunnensa na hagu ma ya fara nauyi, na lura yana juyo da na dama idan ana magana. Saboda shi na rubuto muku, da ire-irensa da ke cike da kasuwar Marwa da ta Mokolo da ta Kusuri. Ina jiran in ga abin da mataki na gaba na shirinku zai ƙunsa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Taku cikin girmamawa,
wata malamar firamare, 'yar baduku, daga Marwa